Gishiri A Kan Titi: Maganin Santsi Mai Cin Ƙarfe

A ƙasashen da hunturu ke zuwa da dusar ƙanƙara, kamar Kanada da arewacin Amurka da Turai, babban abokin gaban direba shi ne santsi. Ruwan da ya kwanta a kan kwalta yakan daskare cikin dare, ya zama wani siririn gilashi wanda ido ba ya gani sosai. Direba ya taka birki, taya ta tsaya, amma mota ta ci gaba da sulalewa. Saboda haka hukumomi kan fito da manyan motoci suna barbaɗa gishiri a kan hanya. Jihar New Hampshire ta Amurka ce ta fara gwada wannan dabara a 1938, yanzu kuwa ƙasar kan zuba kimanin tan miliyan 20 a kowace shekara.

To, mene ne haɗin gishiri da ƙanƙara? Tsabtataccen ruwa yana daskarewa a digiri 0 na ma'aunin Salsiyas. Idan gishiri ya narke a cikinsa, sai ya rabu zuwa ƙwayoyin sodiyam da na kulorayid masu ɗauke da cajin lantarki. Waɗannan kan shiga tsakanin ƙwayoyin ruwa, su hana su jeruwa cikin tsarin da ke zama ƙanƙara, sai fa in sanyi ya ƙaru. Wannan ne dalilin da ya sa ruwan teku ba ya daskarewa sai wajen digiri 2 ƙasa da sifiri. Amma gishirin yana da iyaka. Da zarar sanyi ya wuce kamar digiri 10 ƙasa da sifiri, aikinsa ya yi rauni, sai a koma ga kalsiyam kulorayid, ko a watsa yashi don taya ta sami abin kamawa.

Sai dai cajin nan da ya narkar da ƙanƙara, shi ne kuma ke cin mota. Tsatsa aiki ce ta lantarki: ƙarfe yana sakin ilektaron, iskar oksijin tana karɓa, ruwa kuwa shi ne gadar da ke tsakani. Ruwan gishiri ya fi ruwan daɗi iya ɗaukar lantarki nesa ba kusa ba, don haka kowane ɗigo da taya ta fantsama ƙarƙashin mota tamkar ƙaramin batir ne. Bugu da ƙari, kulorayid yana huda fatar da ke kare ƙarfe, gishiri kuma yana jawo danshi daga iska, ta yadda wurin ba ya bushewa. Abin mamaki ma, motar da ake kwanar da ita a gareji mai ɗumi ta fi saurin tsatsa, domin zafi yana hanzarta aikin.

Lalacewar fenti da salansa asarar kuɗi ce kawai. Abin tsoro shi ne siririn bututun da ke kai man birki ga tayoyi. Idan tsatsa ta huda shi, sai birki ya ƙi ci. A 2015 hukumar kula da kiyaye haɗurran mota ta Amurka ta gargaɗi masu tsofaffin motoci a jihohin da ake zuba gishiri da su riƙa wanke ƙarƙashinsu. Gine-gine ma ba su tsira ba. A 2012 rufin wata kasuwar zamani ya rufta a garin Elliot Lake na Kanada, mutum 2 suka mutu. A kan rufin ake ajiye motoci, ruwan gishirin da ke ɗiga daga jikinsu ya yi shekaru yana cin ƙarfen ginin.

Mai karatu na iya cewa ina ruwanmu, mu da ba mu san dusar ƙanƙara ba? Da yawa daga cikin motocin kwance da ke shigo mana ta Kwatano da Legas sun yi shekaru a kan waɗannan tituna. Mai saye kan duba fenti da inji, ya manta da ƙasa. Kamata ya yi bakanike ya shiga ƙarƙashi da tocila, ya ƙwanƙwasa shasi, ya bi bututun birki daga farko har ƙarshe.

Malamai na iya nuna wannan a aji. A sami kwalabe biyu, ɗaya da ruwan daɗi, ɗaya da ruwan da aka sa wa gishiri kaɗan. A goge ƙusoshi biyu da sanfefa, a tsoma kowace rabinta cikin ruwa, ɗalibai su riƙa rubuta abin da suka gani kullum har mako guda.