YADDA A KE AUNA KAYAN KANKARE

Duk wanda ya bi hanyar Katsina daga birnin Kano, ta wajen Bachirawa a ƙasar Ungogo, ya san inda da a ke noma gero da gyaɗa yanzu gidajen siminti sun tsaya. Watakila kuma kun taɓa ganin wata babbar mota mai ɗauke da tulun ƙarfe a bayanta, tana tafiya tulun yana juyawa. Kankare ne a ciki. To, bari mu ga inda a ke yi mata lodi, da dalilin da ya sa ba a zuba kome a cikinta sai an auna.

Kankare abu huɗu ne: siminti, da yashi, da tsakuwa, da ruwa. Simintin nan da mu ke saya wani magini ne na garin Lidis a Ingila, Joseph Aspdin, ya sami takardar mallakarsa a 1824. A Arewa kuwa, masana'antar Sakkwato ta soma yinsa a 1967. Buhu ɗaya kilo 50 ne.

Maginin ƙasa ya kan taka kwaɓi da ƙafa, ya ji in ya yi. In katanga ta tsage, bayan damina a yi mata yaɓe. Kankare ba haka ya ke ba. In an yi kuskure ranar zubi, kuskuren yana nan cikin ginin har ranar da zai fāɗi.

A ƙananan ayyuka birkila ya kan auna da kwanon sarki: ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Amma kowa ya san halin mudu a kasuwa, awon wannan da tozo, na wancan a shafe. Har wa yau yashi mai laima ya kan kumbura, ya cika kwano alhali bai kai ba. Saboda haka a manyan ayyuka, kamar gadoji da hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Maraɗi wadda aka ƙaddamar da aikin gininta a 2021, da nauyi a ke awo.

Ga yadda wurin awon ya ke. Akwai doguwar rumbun ƙarfe inda a ke ajiye siminti, don kada ruwa ya taɓa shi. Akwai manyan akwatuna, na yashi dabam, na tsakuwa dabam, kowane da ƙofa a gindinsa. Ƙarƙashinsu akwai mazubi wanda ke bisa sikeli. Ma'aikaci yana zaune a ɗan ɗaki, ya rubuta wa kwamfuta nauyin da a ke so. Sai ƙofar tsakuwa ta buɗe, tana zuba, sikeli yana ƙirga. Da ta kai, ƙofa ta rufe da kanta. Haka a yi wa yashi. Siminti da ruwa kowane da nasa ma'auni. Ga misalin abin da ke shiga kankare mai mita ɗaya a tsawo da fāɗi da zurfi: siminti buhu 6, watau kilo 300, yashi kilo 700, tsakuwa kilo 1,200, ruwa lita 165. Duka ya kusa kilo 2,400.

To, a nan ne babbar magana ta ke, watau ruwa. A 1918 wani masani na Amurka, Duff Abrams, ya nuna cewa ƙarfin kankare yana bin yawan ruwan da aka sa wa siminti. In ruwa ya yi yawa, abin da siminti bai sha ba ya kan ƙafe, ya bar ƙananan ramuka waɗanda ido ba ya gani. Ku lissafa: in an kawo yashi daga rafi da damina, cikin kowane kilo 100 akwai kilo 5 na ruwa, ashe kilo 700 ya ɓoye lita 35 ke nan. Don haka a kan gwada laimar yashi, a rage ruwa daidai da abin da ya zo da shi.

Sa'an nan bel mai tafiya ya hau da kayan sama. A waɗansu wurare inji ne ke kwaɓawa kafin a zuba wa mota. A waɗansu kuwa tulun motar ne ke kwaɓawa. Mota ta ja da baya, ta saita bakin tulu ƙarƙashin mazurari. Cikin tulun akwai ƙarfe a murɗe kamar katantanwa. In ya juya ta wannan hannu sai ya ja kayan ciki, in ya juya ta wancan sai ya turo su waje. A ba direba takarda mai nuna abin da aka zuba da lokacin da aka zuba, gama bisa ga al'ada ba a so ya wuce awa ɗaya da rabi bai sauke ba, balle da zafin bazara.

In mota ta iso, a kan ɗebi kaɗan a zuba cikin ƙananan akwatuna, a jiƙa dunƙulen cikin ruwa, a matse su da inji bayan kwana 7 da kwana 28, a ga nauyin da za su ɗauka kafin su fashe.

Yanzu, ɗan'uwa, kai da ke tara kuɗin gyaɗa da na ƙwadago don ka zuba dekin gidanka, watakila ba za ka kira motar nan ba. Amma darasin naka ne. Ka tsaya a wurin ranar zubi. Ka ƙirga buhuna da kanka. In lebura ya ce a ƙara ruwa don shebur ya yi sauƙi, ka hana. Bayan zubi ka riƙa ba shi ruwa a kalla kwana 7, gama wannan ruwan na baya ƙarfi ya ke ƙara masa. Iyalinka ne za su kwana ƙarƙashinsa.

TAMBAYOYI

1. Don me awo da nauyi ya fi awo da kwanon sarki?
2. In yashi kilo 400 ne, cikin kowane 100 akwai 5 na ruwa, lita nawa za a rage?
3. Wane ruwa ke ɓata kankare, wanne kuma ke ƙarfafa shi?