AYAR BASHI DA WAYAR HANNU: DARASI KAN ƘIRƘIRARRIYAR BASIRA DA MASU ƘANANAN SANA'O'I

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (SAW) da alayensa da sahabbansa.

'Yan uwa, aya mafi tsawo a Alƙur'ani ita ce ta 282 a Suratul Baƙara, kuma a kan rubuta bashi take magana. A cikinta Allah Ya yi umarni a rubuta bashi, ƙarami ne ko babba. Ya hana wanda ya iya rubutu ya ƙi rubutawa. Ya kuma yi tanadi ga mai rauni da ba zai iya shibtar abin da za a rubuta ba, cewa waliyyinsa ya tsaya masa da adalci. Jamhurin malamai sun ɗauki wannan umarni a matsayin mustahabbi, Imam Ɗabari kuwa ya tafi a kan wajibi ne. Ko wanne ka ɗauka, abu ɗaya ya fito fili: Musulunci bai yarda haƙƙin mutum ya salwanta don bai iya riƙe alƙalami ba.

To, su wa suka fi buƙatar marubuci a yau? Mai shayin da rabin cinikinsa bashi ne. Ɗan dako a kasuwar Singa. Tela, bakanike, ɗan adaidaita sahu. Baiwar Allah da ke soya ƙuli-ƙuli a cikin gida tana aika yara talla. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya irin waɗannan ne, ba ofis, ba albashi, ba fansho. Da yawansu lissafinsu a ka yake. Ranar da aka yi musu gardama ba hujja. Ranar da suka rasu, magada ba su san wa ake bi ba, wa ke bi. In suka je neman jari, ko a bankin da ba ya mu'amala da ruwa ne, za a ce ina tarihin cinikinka?

A nan ne maganar ƙirƙirarriyar basira, wadda ake kira AI, ta shafe mu. A taƙaice, manhaja ce da aka horar da tarin rubutu da muryoyi da hotuna har ta iya amsa tambaya, ta fassara, ta tsara lissafi. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 ta shigo wayoyin jama'a. Hukuncinta? Asali a al'amuran duniya shi ne halacci, kuma hanya tana ɗaukar hukuncin abin da aka nufa da ita.

Ga amfani uku:

1. Lissafi. A faɗa mata abin da aka saya, da abin da aka sayar, da wanda ya karɓi bashi, ta jera su, ta ware uwar kuɗi da riba. Wannan har zakka yake sauƙaƙawa.

2. Karanta takarda. Yarjejeniyar hayar shago ko takardar biyan kuɗin babur kaɗan-kaɗan, duk da Turanci suke zuwa. A ɗauki hotonta, a nemi bayani kafin a dangwala hannu.

3. Gane cuta a gona. Manhajar Nuru, wadda cibiyar IITA ta Ibadan ke cikin waɗanda suka samar da ita, tana gane cutar rogo daga hoton ganye, ko da babu intanet.

Amma fa a kula da iyakoki.

Na farko, marubuci ce, ba shaida ba. Ayar da ta ce a rubuta ita ce ta ce a kafa shaidu. Na'urar tana kuskure, kuma kuskurenta a Hausa ya fi na Turanci yawa, saboda Hausar da aka horar da ita kaɗan ce. Tana iya mayar da dubu sha biyar dubu hamsin, kuma ta faɗa maka ba tare da ko ɗar ba. Don haka a karanta wa ɓangarorin biyu abin da aka rubuta, a gaban shaidu.

Na biyu, manhajojin ba da bashi na waya da irin wannan fasaha suke auna wa za su bai wa. Mafi yawansu riba ce tsagwaronta. Wasu ma kwashe lambobin wayarka suke yi, ka yi jinkiri su aika wa surukanka saƙon cin mutunci, har sai da hukumar FCCPC ta fitar musu da ƙa'idoji a 2022. Kada a saka lambar sirri ta banki ko BVN a cikin kowace hira da na'ura.

Na uku, ba mufti ba ce. Ta taya ka tara lissafi, amma rabon gado da hukuncin ciniki a koma wajen malamai.

Yanzu sai nauyin da ke kanmu, mu da muka yi karatu. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya hana tarbar fatake a hanya a saye kayansu kafin su shigo kasuwa su san farashi. Illar ita ce cin gajiyar rashin sanin ɗan uwanka. Idan wannan fasaha ta tsaya a hannun 'yan boko da manyan 'yan kasuwa kaɗai, ratar da ke tsakaninsu da talaka ƙaruwa za ta yi, alhali aya ta 7 a Suratul Hashri ta nuna ba a son dukiya ta riƙa zagayawa tsakanin mawadata kawai. Ilimin da ke kawo dukiya ma haka ne.

Ku tuna, Annabi (SAW) ya umarci Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa saboda buƙatar al'umma, ya kuwa koya cikin kusan rabin wata. Kai ɗalibin jami'a, ka zauna da mai kayan miyan layinku, ka buɗe masa littafin bashi a waya. Kwamitin masallaci, ku ware awa ɗaya a mako. Malamai mata, ku sa shi cikin darasin islamiyyar matan aure, don su aka fi bari a baya. Kada a manta da makafi, waya tana iya karanta musu rubutu da murya. Mai data kuma ya ba da gudummawar muryarsa a shafin Common Voice na Mozilla, inda ake tara karatun Hausa don na'urori su iya jin harshenmu.

Wanda Allah Ya sanar da shi, kada ya ƙi rubutawa. Wanda aka rubuta wa, kada ya fasa neman shaida.

Allah ne mafi sani. Allah Ya sa wa neman halalinmu albarka, Ya tsare mu daga riba da cin haƙƙin bayinsa. A tura wa wanda zai amfana.