Tsara Tambayoyin Bita na Nahawun Hausa a Manhajar Koyo Mai Bin Matakin Ɗalibi

Gabatarwa

Manhajar koyo mai bin matakin ɗalibi ita ce wadda ke zaɓar tambaya ta gaba bisa amsar da aka ba ta: in ɗalibi ya dace ta ƙara wuya, in ya kuskure ta sassauta. Ɗaya daga cikin ginshiƙan wannan tsari shi ne lissafin da Georg Rasch, masani ɗan ƙasar Danmak, ya wallafa a 1960, wanda ke ɗora ƙwarewar ɗalibi da wuyar tambaya a kan ma'auni guda. Idan suka zo daidai, damar cin tambayar rabi da rabi ce. Sai dai na'ura ba ta jin Hausa, "daidai" da "kuskure" kawai take ƙirgawa. Don haka gurguwar tambaya na iya mayar da haziƙin ɗalibi darasin da ya daɗe da wucewa.

Tambaya ɗaya, manufa ɗaya

Kowace tambaya ta auna abu guda, a kuma yi mata lamba da sunan darasinta: tsarin sauti, ginin kalma ko ginin jimla. A ɗauki misali daga giredin aikatau bakwai da F. W. Parsons ya fayyace a 1960:

Audu ya ____ doki. (a) saya (b) sayi (c) saye (d) sayo

Mai tsarawa na nufin (b), domin aikatau giredi na 2 yana ƙarewa da -i a gaban karɓau suna. Amma "ya sayo doki" jimla ce karɓaɓɓiya a giredi na 6, haka nan "saye" na iya zama giredi na 4, mai ma'anar saye duka. Amsoshi uku ke nan sun halatta. Gyaran shi ne a faɗi sharaɗin a fili: "Cike gurbin da sigar giredi na 2." A nan kowace amsa ta kuskure tana da saƙo. Wanda ya zaɓi "saye" ya ɗauko sigar da ke zuwa gaban wakilin suna (ya saye shi). Wanda ya zaɓi "saya" ya ɗauko sigar da karɓau ba ya biyo ta (abin da ya saya). Kowannensu da darasin da ya kamata manhajar ta tura shi.

Abin da rubutu ke ɓoyewa

Rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. "Gari" na zama da "gari" na tuwo iri ɗaya ake rubuta su, alhali wasalin farko na ɗaya gajere ne, na ɗayan kuma dogo. Tambayar tsarin sauti tana bukatar alamomi, ko muryar da aka naɗa, ko jimlar da ke fayyace ma'ana.

Karin harshe da ƙa'idar rubutu

Bagobiri ko Ba'adare da ya rubuta "na saya ma Audu" a maimakon "na saya wa Audu", ko "mi" a maimakon "me", bai jahilci nahawu ba, karinsa ya yi. Idan daidaitacciyar Hausa ake nema, a faɗa tun a umarni. In ba haka ba, a shigar da sigogin biyu cikin amsoshin da aka yarda da su. Haka ma "ƴaƴa" na rubutun Nijar da "'ya'ya" na Nijeriya. Sannan madannin kwamfuta na Faransanci ba shi da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, shi ya sa ya dace a sanya maɓallansu kusa da gurbin amsa, kada "ƙasa" ta koma "kasa" ba da nufin ɗalibi ba.

Kammalawa

Kafin a saki tambayoyi, a gwada su a kan ɗalibai masu kare-karen harshe mabambanta, a ce na Maraɗi, Damagaram da Tawa. Duk tambayar da ƙwararru ke faɗuwa, masu rauni na ci, to ba ɗaliban ne da laifi ba: a janye ta, a sake mata gini.