Darasi: Sarautar Zuciya da Sarautar Gari a Wurin Imamu Gazali

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa, sau da yawa mukan ji almajiri ya ce shi mutumin zikiri ne, ba ruwansa da siyasa. Akwai gaskiya a cikin maganar, amma ba ta cika ba. Darasinmu na yau zai duba yadda Hujjatul Islam, Imamu Abu Hamid Algazali, Allah ya yarda da shi, ya ɗaure gyaran hali da mulkin jama'a da igiya guda.

Tambayar ta girme shi. Aflatun, masanin Girka, ya raba ran mutum gida uku: hankali, fushi da sha'awa, ya ce gari ma haka yake, kuma adalci shi ne kowane ɓangare ya tsaya a matsayinsa. Almajirinsa Aristo ya ɗauki ilimin ɗabi'a a matsayin reshen ilimin siyasa, don mutum ba ya koyon hali nagari shi kaɗai a daji. Da aka fassara littattafansu da Larabci a Bagadaza, Alfarabi, wanda ya rasu a 950, da Miskawaihi, wanda ya rasu a 1030, suka ɗora a kai.

Gazali ya yi wa malaman falsafa raddi a kan mas'aloli ashirin, har ya kafirta su a kan uku. Sai dai bai jefar da maganarsu ta ɗabi'a ba. A ganinsa wannan ilimi asalinsa na bayin Allah sufaye ne, ƴan falsafa sun ara ne suka gauraya da nasu. Saboda haka ya karɓi ginshiƙan hali guda huɗu: hikima, jarumta, kamun kai da adalci.

Sai ya buga misali wanda duk wanda ya taɓa zama a fada zai gane. Jiki gari ne, zuciya ce sarki, hankali waziri. Fushi shi ne sarkin dogarai, sha'awa kuwa mai tara haraji da kawo abinci. Ba a korar ko ɗaya daga cikinsu, don gari ba ya zama ba dogari, ba ya zama ba hatsi. Ɓarna tana farawa ranar da sarki ya juya wa waziri baya ya koma sauraron mai haraji. Daga nan dogari zai doki wanda bai yi laifi ba, a ƙwace rumbun maraya, waziri kuma aikinsa ya koma nemo hujja. Wannan na ƙarshe shi ya fi ban tsoro: hankali bai mutu ba, an mai da shi bara ne. To, mutumin da garin cikinsa yake a haka, in aka damƙa masa Maraɗi ko Damagaram, wane irin mulki zai yi? Irin wanda ya saba yi a ƙirjinsa, sai dai yanzu dogaran na gaske ne.

A farkon Ihya'u, Imam ya sanya siyasa a sahun sana'o'i mafi ɗaukaka, ya kuma kasa ta mataki huɗu. Annabawa suna hukunci a kan zahiri da baɗinin kowa. Sarakuna zahirin mutane kawai suke iko da shi. Malamai masana Allah suna mulkin zukatan keɓantattu, masu wa'azi kuwa zukatan talakawa. Ku lura da kyau: muƙaddamin da ke zaune gaban zawiya yana cikin wannan lissafi. Yadda yake raba hadaya, wanda yake zaunarwa kusa da shi, wanda yake yi wa shiru in ya yi zalunci don yana da hannu da shuni, duk siyasa ce, ko ya kira ta da sunanta ko bai kira ba.

Shi kansa Gazali ya ɗanɗana abin da ya rubuta. A 1091 waziri Nizamul Mulki ya ba shi kujerar koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai wajen ɗari uku a gabansa, ƙofar halifa a buɗe gare shi. Shekara guda bayan haka aka kashe wazirin. Imam ya binciki niyyarsa, ya tarar neman suna da matsayi ne ke tura shi. Wata shida yana kai da kawo a ransa, har harshensa ya ɗaure ya kasa ba da darasi. A 1095 ya bar komai ya nufi Sham. A hubbaren Annabi Ibrahim, aminci ya tabbata a gare shi, ya ɗauki alkawarin ba zai ƙara zuwa ƙofar sarki ba, ba zai karɓi kuɗinsa ba, ba zai shiga musun malamai ba.

Da yawa daga cikinmu nan suke tsayar da labarin, don ya yi daidai da son zuciyar mai gudun hayaniya. Amma a 1106 ya koma koyarwa a Nizamiyyar Naisabur, bisa matsawar Faharul Mulki, ɗan wancan waziri. Ya ga cewa kaɗaicinsa ba zai warkar da jama'ar da imaninta ya yi rauni ba. Ya kuma ci gaba da aika wa masu mulki wasiƙu, yana tunatar da su halin talakawan Ɗus, garinsu, da sanyi da fari da haraji suka galabaitar. Abin da ya canja shi ne ba ya neman komai a hannunsu, shi ya sa bakinsa ya buɗe.

A darasi mai zuwa, in Allah ya so, za mu karanta hukuncin da ya yi a kan kyautar sarakuna a babin halal da haram.