Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Ake Ɓoye Tayi a Gwanjon Intanet?

Wani ɗalibi mai sauraronmu a Kuala Lumpur ya aiko da tambaya: in ana gwanjo ko neman kwangila ta intanet, me ke hana mutum leƙa tayin abokin takararsa?

To Malam, a Malesiya inda kake, gwamnati na karɓar tayin 'yan kwangila ta tsarin ePerolehan, kuma tun 1997 ƙasar ke da dokar sa hannu ta kwamfuta. Sai dai sa hannu mai aikowa kawai yake tabbatarwa, ba ya ɓoye farashi.

Ɓoyewar aikin lissafi ce. Mai tayi zai gauraya farashinsa da wata lambar sirri, kwamfuta ta fitar da hatimi, hatimin kaɗai zai aika. Ranar buɗewa sai ya bayyana farashin da lambar. In ya canza ko sisi, hatimin ba zai dace ba.

Dabarar da ta fi burge ni a Denmak aka gwada ta a 2008. Manoma kimanin 1,200 masu sayar wa kamfanin sukari na Danisco amfanin gona suka yi tayi, aka kasa kowane tayi tsakanin kwamfutoci 3. Tare suka fitar da farashin ciniki, ba wadda ta ga tayin kowa.