Malamin Gyaran Magana

A cikin shekarar 2010 wata masifa ta auku a ƙasar Anka da Bukkuyum. Masu haƙar zinariya suna kawo duwatsu gida suna niƙawa, ashe akwai dalma a ciki. Ƙurar ta shiga jikin yara a Bagega da Dareta da 'Yargalma da waɗansu ƙauyuka, har fiye da 400 suka rasu. Ko ga yaron da ya tsira, dalma takan taɓa ƙwaƙwalwa da ji, har ya yi jinkirin fara magana.

To, irin wannan yaro, da mai in'ina, da mai tsamin baki, da dattijon da shanyewar jiki ta ɗaure wa harshe, duk akwai mai taimakonsu, watau malamin gyaran magana. Ba ya tsaga, ba ya allura. Yakan saurari mutum da haƙuri, ya duba leɓɓansa da harshensa, ya sa a gwada jinsa, sa'an nan ya yi ta bi da shi sauti bayan sauti, wani lokaci har watanni.

Kada ku zaci kowa ke iya wannan aiki. Sai yaro ya gama sakandare, ya ci darasi biyar da kyau, har da Turanci da Lissafi. Daga nan ya ci jarrabawar JAMB, ya shiga jami'a, kamar ta Ibadan ko ta koyon aikin lafiya da ke Ondo. Can zai yi shekara huɗu ko biyar yana koyon yadda huhu da maƙogwaro da kunne da ƙwaƙwalwa ke haɗuwa su fid da magana. Duk da haka ba shi da ikon duba kowa sai ya yi rajista da hukumar MRTB, wadda gwamnati ta kafa a 1988, ta ba shi lasisi. Kowace shekara kuwa sai ya sabunta shi.

Amma akwai abin da 'ya'yan ƙasar nan suka fi baƙo sani. In yaro ya ce kasa alhali yana nufin ƙasa, mai jin Hausa nan da nan zai gane inda harshen ya kasa. In kuwa ɗan Gummi ya ce tahi maimakon tafi, lafiyarsa lau, haka iyayensa ke faɗa. Malamin da bai san wannan ba sai ya ɓata watanni yana gyaran bakin da ba abin da ya same shi.