TARIHIN GASAR FIYANO TA CHOPIN

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, fiyano wani babban kayan kiɗa ne na Turawa mai maɓallai 88, farare da baƙaƙe. In aka danna maɓalli, sai wata 'yar guduma ta bugi tsirkiyar ƙarfe a ciki, sauti ya fito. A cikin gasannin masu kaɗa shi, kaɗan ne suka kai ta birnin Warso na ƙasar Folan daɗewa da daraja.

An sa wa gasar sunan Frederik Chopin, wanda ake furta sunansa Shofan. An haife shi a Folan a 1810, ya rasu a Faris a 1849, amma aka komo da zuciyarsa gida aka ajiye a wata majami'a a Warso. Bayan Folan ta sami 'yancin kai a 1918, wani malamin kiɗa mai suna Jerzy Zurawlew ya ga samari sun fara raina waƙe-waƙen Chopin, sai ya kafa gasa wadda ba a kaɗa kiɗan kowa a cikinta sai nasa. An yi ta farko a 1927, Lev Oborin na Tarayyar Sobiyat ya zo na ɗaya. A 1932 kuwa mutum biyu suka yi kunnen doki, ɗayansu makaho ne ɗan ƙasar Hungari, Imre Ungar. Da aka jefa ƙuri'a, sai ta ba shi na biyu.

Daga nan Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. Jamusawa suka mamaye Folan, suka hana kiɗan Chopin, suka rushe mutum-mutuminsa a 1940, domin sun san kiɗan nan yana tuna wa mutane ƙasarsu. Zauren gasar ma ya ƙone. Duk da haka, a 1949 aka sake taruwa, birni yana kango. Tun daga 1955 ake yin ta duk bayan shekara biyar, sai dai annobar korona ta sa an ɗage ta 2020 zuwa 2021.

Alƙalan gasar ba su da sassauci. A 1990 da 1995 sun ƙi ba kowa lambar farko, don a ganinsu ba wanda ya cancanta. Wannan tsanani shi ya sa duk wanda ya ci, duniya take yarda da shi. A 1980 Dang Thai Son na Biyetnam, wanda ya koyi fiyano a ƙauye lokacin da ake ruwan bama-bamai a ƙasarsu, ya zama ɗan Asiya na farko da ya lashe ta.

To, jama'a, mutanen Folan sun riƙe nasu hannu bibbiyu har baƙi suka zo suna koyo. Ai kowa ya bar gida, gida ya bar shi.